Dashe Tamanin a Hawa na Uku

Mutum ɗaya ya mutu, huɗu suna tsare, bayan fashin da aka yi ranar Juma'a da tsakar rana a wani bene da ke unguwar Shisha a Makka. Wanda ya mutu sunansa Taha, ɗan shekara talatin da uku, mai kula da wani ɗaki a hawa na uku inda ake noman tabar wiwi a ɓoye. Waɗanda aka kama su ne Talal, shugaban 'yan fashin, da Bandar direbansu, da Hudaifa mai shekara ashirin da huɗu, sai mahaifin Hudaifa, wani mai lambu da ake kira Tsoho, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Tsirrai suka je ɗauka a cikin kofunan roba. Sun tsara minti bakwai za su yi a ciki. Ashirin da shida suka yi.

Tsoho shekararsa sittin da ɗaya. Iyayensa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa, suka daɗe a Cadi da Sudan kafin su tsallako teku da shi yana ƙarami. Ya yi shekara talatin yana aiki a mashtal, gidan da ake renon shuke-shuke ana sayarwa. A unguwar Nakkasa yana da nasa lambun a bayan gida, cikin gwangwanayen madara: rama, yakuwa, zogale, na'ana'a. Da aka rushe layinsu, katafila ta bi ta kan gwangwanayen. Igamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu, mashtal ta sallame shi. Shi da matarsa Sa'adatu da ɗansu suka koma ɗaki biyu a unguwar Utaibiyya, babu tsakar gida, babu ko wurin ajiye gwangwani ɗaya a rana.

Ranar Laraba bayan la'asar Hudaifa ya hau da Talal saman rufin gidan, inda Tsoho ke shan iska. Talal haifaffen Makka ne, jikan alhazai, Hausarsa rabi Larabci.

"Salamu alaikum, ya ammi. An ce hancinka ya fi na kare."

"Wanda ya faɗa maka bai iya yabo ba," in ji Tsoho. "Zauna."

Talal bai zauna ba. Ya jingina da tankin ruwa ya fara bayani. Akwai wata shagga, wato sashen haya a bene, a Shisha, wani mutumin Jidda ya mayar da ita gona, fitilu ne rana, na'urar sanyi ce iska. Yana da iyayen wiwi guda uku a wani gidan daban. Daga jikinsu ake yanko rassa a dasa, kamar yadda ake dasa rogo, kowane reshe ya fito sak uwarsa. Ɗaya daga cikin iyayen ita kowa ke nema. Lemuna suke ce mata, don tana ƙanshin ɓawon lemo.

"Akwai mai son 'ya'yanta ashirin da huɗu, ranar Juma'a kafin la'asar, a Jidda," in ji Talal. "Amma nata zalla. Sauran biyun, ɗaya shara ce, ɗaya kuma tana rikiɗa ta zama namiji ta ɓata ɗaki gaba ɗaya. In da rubutu a jikin kofi, ba ruwanmu da kai. In babu, kai ne rubutun."

"Ni rama na sani."

"Ai ganyensu ɗaya."

"Kunnen jaki da na doki ma kusan ɗaya ne. Sauka lafiya."

Talal ya yi dariya, ya daki kafaɗar Hudaifa, ya sauka. Uba da ɗa suka rage.

"Da kai ko ba kai, zan je, Baba."

"Ka san abin da ake yi wa mai fashi da makami a ƙasar nan?"

"Na sani."

"Faɗa in ji."

"Takobi." Hudaifa ya kawar da kai. "Shekara biyu ina neman aiki. Ko ɗaukar kaya a kasuwa sai sun ce kawo igama. In kana wurin, minti bakwai mun fito. In ba ka nan, Talal zai tsaya yana haukansa."

Sa'adatu tana kan matakala da butar shayi, ta ji komai. Da Hudaifa ya wuce ta, ta hauro ta ajiye butar.

"Malam, in ya tafi shi kaɗai ba zai dawo ba," ta ce. "In kuma ka bi shi…"

Ba ta ƙarasa ba. Da magariba Tsoho ya kafa sharaɗi biyu: ba za a taɓa kowa ba, kuma daga wannan Hudaifa ya rabu da su har abada. Hudaifa ya rantse.

Ranar Juma'a, sha biyu da minti goma, Bandar ya tsayar da tsohuwar motar kai ruwa a bakin benen. Shaguna a rufe. Maza suna wucewa da darduma a kafaɗa, suna sauri. Dabarar Talal ke nan: lokacin huɗuba babu namiji a gida, kuma mai kai ruwa ba ya jan ido. Kwali biyu suka zo da su, na ruwan gora, kowanne yana cin kofi sha biyu. Sau ɗaya za su hau, sau ɗaya za su sauko, kafin liman ya yi sallama.

Tsoho yana kujerar baya. Tun da ya mallaki hankalinsa Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba.

"Ka yi niyya a zuci, ammi," in ji Bandar. "Matafiyi ne kai yau."

Babu wanda ya yi dariya. Talal da Hudaifa suna sanye da farar doguwar riga iri ɗaya, tsawonsu ɗaya. Suka naɗe fuska da jan rawani, sai idanu. Da Talal ya sunkuya ɗaukar kwali, Tsoho ya ga ƙarfe a ƙugunsa.

"Ka ce ba bindiga."

"Cewa na yi ba harbi. Ado ce. Ka jira waya, ka hawo a hankali."

Abin da ya faru kafin Tsoho ya hau, daga bakin Hudaifa masu bincike suka ji shi. Taha yana cin burodi da wake a ƙasa. Aka ƙwanƙwasa.

"Ruwa!"

Ya leƙa, ya ga kwalaye, ya zare sakata. Talal ya banke ƙofar da kafaɗa—Taha ya faɗi ta baya—kwanon wake ya kife!

"Wallahi ka yi ƙara, ka mutu! Kwanta! Hannu baya!"

Suka ɗaure masa hannu da igiyar roba, suka manne masa baki da salatif. Minti ɗaya da rabi.

Kofunan suna jere a kan kanta uku masu tsawo, saman kowacce ya fi kan mutum. Hudaifa ya dube su, ya tuna gwiwar ubansa da ba ta son hawa. Ya fara sauke su ƙasa, huɗu-huɗu, daga nan da can, yana jerawa a tsakar ɗaki. Taha ya yi ta girgiza kai, yana gurnani ta hanci. Suka ɗauka tsoro ne.

Tsoho ya shigo yana haki. Tagogi an rufe su da takardar azurfa, fitilu farare suna kashe ido, na'urar sanyi tana ruri. A ƙasa ga kofuna tamanin, baƙaƙe, girmansu ɗaya. Ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya duba gindinsa. Ya ɗaga wani. Babu rubutu, babu zare, babu tsinke.

"Wa ya sauke su?"

"Ni," in ji Hudaifa. "Saboda gwiwarka."

Tsoho ya dubi kantocin da babu komai. Ya je ya ɓare salatif daga bakin Taha.

"Sannu, bawan Allah. A ina alamar take?"

Taha ya buɗe ido sosai da ya ji Hausa. Da Hausa ya amsa, irin ta mutanen Sudan.

"Baba, mai gida ba ya yarda a rubuta komai. Kanta ita ce sunan. Ta dama duka Lemuna ce, guda talatin. Ta tsakiya da ta hagu sauran biyun."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ni ma ban sani ba."

"Ƙarya yake!" in ji Talal. "Ammi, fara. Saura minti huɗu."

Tsoho ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Dashen sati biyu ne, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba, ganye huɗu ko biyar, an datse musu baki da almakashi. Haske ɗaya suka sha, ruwa ɗaya. Ya fara da abin da ido ke gani: faɗin ganye, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, ɗan jan da ke jikin tsinken ganye. Wasu masu faɗi ya tura su hagu, ya san ba su ba ne. Sauran suka tsaya masa kamar tagwaye a zanen goyo. Sai ya koma ga hanci. Ya murza kara a hankali da yatsa biyu, ya shinshina. Ciyawa. Na biyu, ciyawa da ƙasa. Na shida ya ba shi lemo, a fili, kamar an yanka a ɗakin. Ya ajiye shi dama.

Wayar Talal ta yi motsi. Bandar ne daga ƙasa.

"Liman ya zauna. Huɗuba ta biyu za a shiga. Kuna ina?"

"Rufe bakinka, ka bar mota a kunne."

A kofi na goma sha biyar yatsun Tsoho suka ɗauki ƙanshin duka, komai ya zama abu ɗaya. Ya goge hannu a riga, ya shinshina hannun rigarsa don hancin ya huta, ya sauya yatsu. Zufa tana ɗiga daga gemunsa duk da sanyin ɗakin. Minti bakwai suka wuce, goma sha biyu suka wuce.

"Nawa?" in ji Talal.

"Tara."

"Ashirin da huɗu na ce!"

"Tara na tabbatar. Sauran ba su isa magana ba. A kwashe su duka, a ba su wata guda, da kansu za su faɗi sunansu."

"Wata guda? A ina? A ɗakinka na Utaibiyya? Mutum yana jira a Jidda, kwali biyu gare ni, kana ce min wata guda!"

Hudaifa ya durƙusa kusa da ubansa, ya kai baki kunnensa.

"Baba, cika kwalin kawai. Ko waɗanne. Wa zai sani?"

Hakan zai yiwu. Talal bai san ganye ba, mai sayen ma ba zai gane ba sai shukar ta girma. Minti ɗaya ya isa a cika kwali biyu a sauka. Amma shekara talatin Tsoho ya yi a mashtal bai taɓa miƙa wa mutum lemon tsami ya ce na zaƙi ne ba. Kuma ya san in shukar ta tona asiri bayan wata biyu, mai sayen nan na Jidda ba Talal kaɗai zai nema ba.

"Ba ni minti biyar," ya ce.

Talal bai da minti biyar. Ya damƙi wuyan rigar Taha, ya jawo shi a gwiwa har gaban kofunan, ya ɗora masa bakin bindiga a bayan kunne.

"Kai ka shayar da su sati biyu. Uwa tana gane 'ya'yanta. Nuna!"

"Wallahi ban—"

"Nuna!"

Hannun Taha a ɗaure suke, da haɓa ya yi ta nunawa. Wannan. Wancan. Na kusa da shi. Idonsa yana kan Tsoho. Talal yana tura kofunan dama da ƙafa. Ɗaya ya tsaya a gaban gwiwar Tsoho. Hannunsa ya ɗauka kamar yadda ya saba, ya murza, ya kai hanci.

"Wannan ba ita ba ce."

Maganar ta fita kafin ya yi tunani. Yana rufe baki ya gane abin da Taha ke roƙonsa da ido.

"Au," in ji Talal a hankali. "Wasa kake da ni ke nan."

Ya buga wa Taha gindin bindiga a goshi. Jini ya sauko. Waya ta sake motsi: an tayar da salla.

"Ka bar shi!" in ji Tsoho. "Hancina ne ya mutu. Ita ce, na yi kuskure, ita ce!"

"Yanzu kai ma ka koyi ƙarya? Nemo min na gaskiya! Kai, riƙe nan."

Tsoho ya ga Talal ya miƙa wa Hudaifa bindigar don ya zuba taran farko a kwali. Wannan shi ne abu na ƙarshe da ya gani. Ya juya musu baya, ya duƙufa a kan kofunan, yana murzawa yana shinshinawa da sauri, yana neman lemo ko da ɗaya ne.

A bayansa wani abu ya tsinke. Ƙafafu suka yi gudu a kan tayil.

"Ƙofa! Ya kwance—kawo!" Muryar Talal.

"Tsaya! Tsaya, kar—" Muryar Hudaifa.

Kokawa—kanta ta faɗi—sai ƙara ɗaya, mai toshe kunne!

"Hudaifa!"

Ɗan fari ne, Tsoho bai taɓa kiran sunansa da bakinsa ba, "yaron nan" yake cewa. Ranar ya kira, da ƙarfin da har matakala aka ji, don ya ɗauka shi aka harba. Da ya juyo, mutum biyu ne a tsaye cikin farar riga, fuska a naɗe, kowanne hannunsa a buɗe. Bindigar tana ƙasa a tsakaninsu. Taha yana kwance a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a kan sakata.

Talal ya lissafa mazan benen, bai lissafa matan ba. A shaggar da ke fuskantar tasu, wata mata mai suna Manar tana yanka albasa. Ta ji harbin, ta ji sunan. Ta kira 'yan sanda sha biyu da minti talatin da huɗu, wuƙar tana hannunta. Motar sintiri mafi kusa tana layi uku daga nan, a bakin masallaci. Jami'in da ke cikinta, Majid, ya kunna jiniya daidai lokacin da liman ya yi sallama.

Talal ya tsinci bindigar ya soke a ƙugu. Ya kwashi kofuna da hannu biyu, ko waɗanne, ya cusa a kwalayen har suka cika.

"Yalla! Yalla! Sauka!"

Ya ɗora wa Hudaifa kwali ɗaya, ya tsallake Taha, suka fita da gudu. Tsoho bai tashi ba. Ya ja gwiwa zuwa bakin ƙofa, ya cire hularsa ya danna a ƙirjin Taha. Hular ta jiƙe nan take.

"Baba…" in ji Taha. "Maiwurno. Gidanmu yana bayan…"

"Na ji. Yi shiru. Ce la'ilaha illallahu."

"Bayan…"

"La'ilaha illallahu."

Taha ya faɗa, rabi da murya, rabi da leɓe. Bai ƙarasa kwatancen gidan ba.

A hawa na ɗaya Hudaifa ya waiga, bai ga ubansa ba. Ya dire kwalin.

"Baba bai sauko ba!"

"Zai sauko! Taho!"

Hudaifa ya juya ya hau da gudu. Talal ya ɗauki kwalin ya ɗora a kan nasa, ya faɗa mota.

"Ja!"

"Su biyun fa?" in ji Bandar.

"Suna da ƙafa. Ja, na ce!"

Motar ta fita ta bayan layi, ta kutsa cikin masu fitowa daga masallaci. Ta gaba kuma Majid yana fama da taron, yana ta oda, dattawa suna matsawa a hankali da dardumominsu.

Hudaifa ya tarar da ubansa a zaune, kan Taha a cinyarsa.

"Baba, tashi! Don Allah tashi!"

"Ya cika."

"To tashi mu tafi!"

Ya ɗaga shi, ya rataya hannunsa a wuya. Gwiwar ta ƙi. Mataki ɗaya-ɗaya suke sauka. Sun kai hawa na biyu suka ji takalma suna hawowa.

"Tsaya! Hannu sama! Ƙasa! Ƙasa!"

Hudaifa ya zaunar da ubansa a kan matakala tukuna, sannan ya ɗaga hannu.

Talal da Bandar ba su kai Jidda ba. An tare su a shingen bincike da ke kan hanya, minti arba'in bayan haka. Na'urar sanyin motar ba ta aiki, rabin dashen ya riga ya langaɓe a cikin kwali. An sami bindigar a ƙarƙashin kujera, an goge ta tas. Bandar ya fara ba da labari tun kafin a sa masa ankwa, amma shi a mota yake, bai ga komai ba.

A ranar da yamma aka ɗauki bayanin Tsoho. Majid ne ya zauna da shi, da mai rubutu a gefe. Ya faɗi komai a jere, kamar mai ba da rahoton aiki: kantoci, kofuna, tara ɗin da ya tabbatar.

"Wa ya yi harbin?"

"Ban gani ba. Na juya baya."

Aka karanta masa, ya dangwala yatsa.

Bayan kwana uku aka sanar da shi inda magana ta tsaya. Talal ya ce bindigar tana hannun Hudaifa, shi ya harba, shi Talal kuwa ƙoƙarin hana shi ya yi. Hudaifa ya ce Talal ya fizgi bindigar, suna ja-in-ja ta tashi, daga nan ya yi shiru bai ƙara ba. Manar ta ce ta ji harbi, sannan ta ji dattijo ya kira suna ɗaya. Ta leƙa ta ramin ƙofa ta ga mutum biyu masu farar riga sun fita, ba za ta iya rabe su ba. Mai gabatar da ƙara ya ja layi a ƙarƙashin sunan.

Tsoho ya nemi a mayar da shi gaban Majid.

"Ina so in gyara maganata."

"Bismilla, ya ammi."

"Na gani. Talal ne."

Majid ya buɗe fayil, ya karanta masa layinsa na ranar Juma'a, bai ɗaga murya ba.

"A ruɗe nake ranar. Na waiga. Na gani da idona."

"Me ya sa ka kira sunan ɗanka?"

"Na ɗauka shi aka harba."

"In ka ga Talal ya harbi Taha, yaya za ka ɗauka ɗanka aka harba?"

Tsoho ya dubi tebur.

"Da wane hannu ya riƙe bindigar?" in ji Majid.

"Dama."

"Talal bahago ne." Majid ya rufe fayil ɗin. "Zan rubuta abin da ka ce, aikina ne. Amma ka sani, maganar uba a kan ɗansa alƙali ba ya tsayawa a kanta. Ko da ka gani ɗin."

"Rubuta," in ji Tsoho. "Na gani."

Aka rubuta, ya dangwala yatsa a karo na biyu.

An ƙone tsirran duka a gaban shaidu. A takardar an yi musu suna ɗaya, tabar wiwi, guda tamanin. Mai gonar ba a same shi ba, shaggar da sunan wani ya kama ta. Sa'adatu ta je ofishin 'yan sanda da kular abinci, aka tambaye ta igama. Yanzu tana gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, tana jiran jirgi zuwa ƙasar da kakanninta suka baro, wadda ba ta taɓa takawa ba. Gawar Taha ta yi wata biyu a asibiti. An aika takarda Maiwurno, a Sudan, amma da yaƙin da ake yi babu wanda ya amsa. Baƙi ne suka yi masa salla.

Sau ɗaya uba da ɗa suka haɗu tun daga ranar, a motar da ke kai fursunoni kotu. Kujerarsu ɗaya, sarƙa ɗaya ta haɗa ƙafafunsu. Hudaifa ya rame, an aske masa kai.

"Ya gwiwar, Baba?"

"Da sauƙi."

"Suna ba ka magani?"

"Suna ba ni."

Motar ta tsaya a danja. Ta ragar taga ana ganin wani ma'aikaci yana ba furannin tsakiyar titi ruwa da tiyo.

"An ce ka sauya magana," in ji Hudaifa.

"Na sauya."

"Ka gani ne?"

Tsoho ya mayar da idonsa taga. Tafiyar minti ashirin ce, mai gadi yana gaba yana waya, babu mai sauraronsu. Har aka buɗe ƙofar motar Tsoho bai tambayi ɗansa wa ya yi harbin ba, ɗan kuma bai faɗa ba.

Kotu ta zauna minti goma sha biyar ta ɗage shari'ar. Mai gabatar da ƙara yana neman hukuncin kisa a kan wanda ya yi harbin, kuma ya ce zai nemi haka a kan duka biyun in ba a tantance ba. Rahoton masu bincike ya iso ranar Litinin. Ya ce an sami burbushin harsashi a hannun Talal da hannun Hudaifa. Bai ce yatsan wa ya ja kunamar ba.